Uwargida, Ki Kai Yara Su Ga Teku Ba Tare Da An Ci Bashi Ba

 A wannan watan za mu ɗan fita daga kicin da tsakar gida, mu leƙa wani wuri da yawancinmu 'yan Arewa labarinsa kawai muke ji, ko mu gan shi a talabijin, wato bakin teku. Ki tambayi yaranki yau da daddare, a cikinsu wa ya taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa? Da wuya ki sami ko ɗaya. Suna karanta shi a makarantar boko, suna jin ambatonsa a Islamiyya cikin ƙissar Annabi Musa da ta Annabi Yunusa (AS), amma babban ruwan da suka sani bai wuce dam ɗin Tiga ko kogin Kaduna ba. Hausawa kuwa sun ce gani ya kori ji, kuma Alƙur'ani mai girma ya kwaɗaitar da mu a wurare da dama mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba ayoyin Ubangiji.

Na san abin da za ki ce, domin abubuwa biyu ne ke hana mu. Na farko kuɗi, musamman tun 2023 da aka cire tallafin man fetur kuma darajar naira ta faɗi, kuɗin mota ya ninka. Na biyu kunya da tsoron Allah, domin duk hoton bakin teku da muke gani cike yake da kiɗa da giya da mutane tsirara-tsirara, ba wurin da macen kirki za ta kai 'ya'yanta ba. Duka biyun gaskiya ne. To amma gaɓar tekun da ta tashi daga Legas zuwa yammacin Ghana doguwa ce ƙwarai, kuma wuraren shashanci kaɗan ne a cikinta. Sauran duk ƙauyukan masunta ne da itatuwan kwakwa da rairayi, inda za ki wuni ba ki ga kowa ba sai masu jan koma. Irin waɗannan wurare kuwa su ne suka fi araha.

Mene ne lungun teku?

Abin da muke kira lungun teku shi ne wurin da ƙasa ta lanƙwashe ta rungumi ruwa, duwatsu ko wani tsibiri suka tare shi ta gefe, yadda igiyar ruwa kan rage ƙarfi kafin ta iso gaɓa. Amfaninsa gare mu biyu ne: ruwansa ya fi lafawa, kuma duwatsun kan zame mana shamaki daga idon jama'a.

Ya kamata ki san yadda Allah Ya tsara wannan gaɓa kafin ki zaɓi inda za ku nufa. Daga Legas har ƙarshen Togo gaɓar miƙaƙƙiya ce, rairayi ne zalla, igiyar ruwa tana dukan ta kai tsaye da ƙarfin gaske, a bayanta kuma akwai tafkuna da bakin koguna masu kwantaccen ruwa. Lunguna na ainihi masu duwatsu sai an wuce Ankara, babban birnin Ghana da ake rubutawa Accra, kuma sun fi yawa yamma da Takoradi. Saboda haka a Benin da Togo kallon teku za a yi, a yi yawon kwale-kwale a tafki, sai a yammacin Ghana ne yara za su fi samun inda za su tsoma ƙafa.

Takardun da ake buƙata

Tun 1979 ƙasashen ƙungiyar ECOWAS suka amince ɗan kowace ƙasa ya shiga 'yar'uwarta ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Najeriya da Benin da Togo da Ghana duk suna ciki. Abin da ake nema shi ne fasfo mai sauran wa'adi, ko takardar tafiya ta ECOWAS da ofishin shige da fice ke bayarwa, wadda ta fi fasfo sauƙin kuɗi kuma ta isa wannan tafiya. Kowane yaro da tasa takardar, har jariri.

Sai katin rigakafin cutar shawara, ruwan ɗorawa, wanda ake tambaya a kowace iyaka. Ana yin allurar aƙalla kwana 10 kafin tafiya, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ana yi wa yaro daga wata 9. Mai juna biyu kuwa ta fara ganin likita. Kada ki yarda a sayo miki kati ba tare da allura ba, domin sauro ba ya duba kati.

Ki haɗa da takardun haihuwar yara. Jami'an iyaka suna sa ido sosai a kan masu safarar ƙananan yara, don haka idan za ku tafi da ɗan riƙo ko ɗan 'yar'uwa, a karɓi rubutacciyar amincewar iyayensa. Idan da motar gida za a tafi, maigida ya nemi inshorar ECOWAS mai launin ƙasa-ƙasa da cikakkun takardun mota. Ki ɗauki hoton kowace takarda a wayarki, ki kuma yi kwafi ki ajiye a wata jaka dabam.

'Yan'uwanmu na Nijar su lura cewa ƙasarsu, tare da Mali da Burkina Faso, ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, kuma tun juyin mulkin Yulin 2023 iyakar Gaya da Malanbil ta shiga matsala. Sai a bincika halin da hanya take ciki a wajen direbobi da ofishin jakadanci kafin a ɗaura kaya.

Tafiya uku, kowa ya zaɓi daidai ƙarfinsa

Daidai ruwa daidai tsaki. Tafiya ta farko ba ta buƙatar fasfo ko canjin kuɗi, domin ba a fita Najeriya ba. Daga Kano zuwa Legas kimanin kilomita 1,000 ne, kuma gaskiyar magana wannan shi ne ɓangare mafi tsada da gajiya a duk tafiyar. A Legas akwai Tarkwa Bay, wani lungu da katangar duwatsun da aka gina don kare mashigar tashar jiragen ruwa ta tare masa igiya. Ba a zuwa sai ta jirgin ruwa, tafiyar ƙasa da rabin awa daga cikin birni. Asabar da Lahadi matasa kan cika shi, don haka ku je Talata ko Laraba da sassafe, kuma kada kowa ya shiga jirgi sai an ba shi rigar kariya, har da ta yara. Daga nan sai Badagiri, tsohon garin da ke kusa da iyakar Benin. A can za ku ga benen da masu wa'azin Kirista suka gina a 1845, wanda ake kira bene na farko a Najeriya, da gidan tarihin Seriki Abass inda aka tsare bayi. Ana tsallaka tafki a kwale-kwale zuwa tsibirin Gberefu, a taka hanyar da bayi suka bi zuwa bakin teku. Gaɓar can shiru take, sai iska da kwakwa. Kwana huɗu ko biyar sun isa wannan tafiya.

Tafiya ta biyu ita ce Benin da Togo, mako guda. Daga Legas zuwa Kwatano kimanin kilomita 120 ne ta iyakar Seme. Kada ku daɗe a Kwatano, domin masaukinta ya fi tsada. Ku leƙa Ganbiye, garin da aka gina bisa turaku a tsakiyar tafkin Nokuwe, inda kasuwa da masallaci duk a kan ruwa suke, mata na tuƙa kwale-kwale kamar yadda muke zagaya tsakar gida. Idan da hali ku je Porto-Novo ku yi sallah a tsohon babban masallacinta mai launuka, wanda aka gina a farkon ƙarni na 20 bisa salon ginin da 'yantattun bayi suka dawo da shi daga Barazil. Sai ku yi yamma, ku wuce Wida, kilomita 40 daga Kwatano, inda aka gina Ƙofar Ba Dawowa a 1995 don tunawa da bayin da aka kwashe. Garin cibiyar bautar gargajiya ce, har da ɗakin macizai, sai ku tsaya ga tarihin ku bar musu sauran. Masaukinku ya kasance Gran-Popo, kusa da iyakar Togo, siririn gari tsakanin teku da kogin Mono. Ana ɗaukar kwale-kwale a bi kogin har inda ya haɗu da teku, a ga masu dafa gishiri da tsuntsaye iri-iri. Togo kuwa gaɓarta duka ba ta kai kilomita 60 ba, kuma Lome, babban birninta, a jikin iyakar Ghana yake.

Tafiya ta uku ita ce babba, kwana 10 zuwa 12, har yammacin Ghana. Daga Legas zuwa Ankara bai kai kilomita 500 ba, amma saboda iyakoki uku da ake tsallakawa, wuni guda cur ake yi. Akwai manyan bas-bas da ke tashi daga Legas da asuba kai tsaye, su ne suka fi dacewa da mai yara, domin ma'aikatansu kan taimaka da buga fasfo kuma ba a sauke kaya ana canza mota. Kafin Ankara akwai Ada, inda kogin Bolta ya shiga teku. Bayan Ankara da kimanin kilomita 150 sai Kef Kwas da Elmina, inda gidan da Turawan Fotugal suka gina a 1482 yake tsaye har yau, da kurkukun da aka cusa mata bayi a ƙarƙashinsa. Ki shiga da manyan yaranki, za su fito da darasin da ba za su manta ba. Ki sani cewa kuɗin shiga na baƙo ya fi na ɗan ƙasa.

Daga Takoradi, tafiyar kamar awa ɗaya ta mararrabar Agona, za ku isa Busuwa, gaɓa mai lanƙwasa da ɗan tsibiri a gabanta. Ita ce ta fi suna, saboda haka Turawa masu yawon buɗe ido kan taru a tsakiyarta. Gabas da ita akwai Butire, ƙauyen masunta a bakin kogi, da kangon gidan Turawan Holan a kan tudu. Yamma da ita akwai Diskob, lungu ne sosai da jiragen masunta masu fenti suka cika, da gidan da Turawan Ingila suka fara ginawa a ƙarshen ƙarni na 17. Idan aka ƙara gaba akwai Akwida da Kef Tiri Poyins, ƙarshen ƙasar Ghana ta kudu, inda hasumiyar fitilar jiragen ruwa take. Tsakanin waɗannan ƙauyuka ne ƙananan lunguna suke, wasu sai an ɗan taka a ƙafa. Hanyar can ba ta da kyau da damina.

Duk inda kika je akwai Zango

Abin da zai rage miki kuɗi da fargaba fiye da komai shi ne wannan: hanyar nan ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Shekaru aru-aru kakanninmu fatake suna zuwa Gwanja sayen goro, suna yada zango a Salaga da Kumasi, daga baya suka gangaro gaɓar teku. Wasu kuma aikin soja ya kai su a zamanin Turawa. Shi ya sa kusan kowane babban gari a Benin da Togo da Ghana yake da unguwar da ake kira Zango. A Kwatano akwai Zango da babban masallacinta. A Lome an tashi tsohon Zangon daga tsakiyar gari a 1977, aka mai da shi arewacin birnin. A Ankara akwai Nima da Mamobi da Sabon Zango, ga kuma babban masallacin ƙasa da aka buɗe a unguwar Kanda a 2021. Shehu Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka naɗa babban limamin Ghana a 1993, jinin Hausawa ne.

A Zango za ki ji kiran sallah, ki yi ciniki da Hausa, ko da yake Hausar tasu ta ɗan bambanta da tamu, ki sami mahauci Musulmi. Har abincin ƙasar ma akwai hannunmu a ciki. Shinkafa da waken da Ghana ke alfahari da ita sunanta wace, daga kalmarmu ta wake. Tuwon zafi da koko da ƙosai duk da sunayensu na Hausa ake sayar da su a titi. Saboda haka da kun sauka a gari, maigida ya nufi masallacin Zango ya gaisa da liman ko sarkin Zango, ya tambayi masauki mai mutunci da direban da aka yarda da shi. Matambayi ba ya ɓata. Idan kuna da dangi a can, ku sanar da su tun da wuri, ku tafi da tsaraba, kuma kada ku wuce kwana biyu ko uku a gidansu, domin su ma ɗakunansu a ƙuntace suke.

Yadda za ki tsara kasafi

Ba zan faɗa miki farashi ba, domin kuɗin mota da na canji kan sauya tsakanin wata da wata. Ga dai yadda za ki fitar da naki lissafin. Ki sami littafi ki ja layi biyar: takardu, mota, masauki, abinci, da ko-ta-kwana. A layin mota ki rubuta kowane zango dabam, zuwa da dawowa, ki ninka da yawan kujerun da za ku biya. A layin masauki ki ƙirga darare, har da daren da za ku kwana a Legas a tafi da dawowa, wanda mutane da yawa ke mantawa. Idan kin haɗa jimla, ki ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, shi ne na ko-ta-kwana, wanda ba a taɓa shi sai rashin lafiya ko lalacewar mota. Kuɗin dawowa kuwa a ware shi tun daga gida, a ɗaure shi dabam.

Ki raba jimlar gida goma ku tara cikin wata goma, ta asusu ko adashi. Idan kika duba abin da ke tafiya a anko da gudummawar biki a shekara guda, za ki ga inda za a rage. Sharaɗi uku ne ba a ƙetare su: ba a cin bashi don yawo, ba a taɓa kuɗin makarantar yara, ba a taɓa ajiyar aikin Hajji. Idan lissafi bai kai Ghana ba, a tsaya Badagiri, ruwan dai ɗaya ne.

Gida biyu su haɗu ya fi araha, misali ke da 'yar'uwarki da mazajenku. Za ku ɗauki shatar mota ɗaya, ku kama gida mai ɗaki biyu ko uku da kicin, maimakon ɗakunan otal. Masaukin da ke bayan titi kan fi wanda ke kallon teku sauƙi nesa ba kusa ba, alhali tafiyar minti biyar ce tsakaninsu. Ku nemi ragi idan za ku kwana uku ko fiye, kuma kada ku tura wa kowa kuɗi ta waya saboda hoton da kuka gani a intanet, sai kun ga ɗaki da idonku, kun buɗe famfo kun duba makewayi.

Game da canji, Benin da Togo kuɗinsu ɗaya ne, sefa, wadda aka ɗaure da yuro, sefa 655.957 a yuro ɗaya, shi ya sa ba ta faɗuwa kamar naira. Ghana kuwa sidi take kashewa. Ki lura da yadda ake ƙirga: Hausawan ƙasashen sefa da dala suke lissafi, dala ɗaya sefa 5, jaka ɗaya sefa 1,000. A Ghana an cire sifiri huɗu daga sidi a 2007, amma wasu tsofaffin 'yan kasuwa kan faɗi farashi da tsohon lissafi. Ki sa a rubuta miki adadi kafin ki biya. A canza kaɗan a iyaka don kuɗin mota, sauran a cikin gari wajen ɗan canjin da mutanen Zango suka nuna. Ku raba kuɗin gida biyu, rabi jikinki rabi jikin maigida.

A iyaka, ku tsallaka da rana. 'Yan kamasho za su yanyame ku, kada ku miƙa fasfo ga kowa sai jami'in da ke cikin ofis, kuma ku duba an buga hatimin fita da na shiga kafin ku bar wurin. Kada ki karɓi saƙon kowa ki tsallaka masa da shi, komai tsufansa ko kyan fuskarsa.

Wane lokaci ya fi?

A wannan gaɓa ruwan sama ya fi yawa daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Rani kuwa daga Nuwamba zuwa Maris ne. Rabin Disamba na ƙarshe shi ne mafi tsada da cunkoso a Legas da Ankara, saboda bukukuwan Kirsimeti da masu dawowa daga Turai da Amurka. Wanda yaransa ba su shiga makaranta ba, tsakiyar Janairu zuwa Maris ya fi masa. Masu 'yan makaranta kuma su duba hutun ƙarshen zango na biyu, ko dogon hutun Agusta, sai dai a Agusta ruwan teku kan yi sanyi kuma ya fi tashi. A yawancin ƙauyukan gaɓar Ghana masunta ba sa fita ranar Talata, saboda haka ki sayi kifinki tun Litinin.

Teku ba kududdufi ba ce

Uwargida, idan kin manta komai a rubutun nan, kada ki manta wannan. Keɓantaccen wuri yana ba ki sutura, amma ba shi da mai ceto. Yaranmu ba su iya ruwa ba, wanda ya iya ma a kududdufi ko rafi ya koya. Tekun wannan yanki tana da wani ja mai komawa ciki: ruwan da igiya ta turo gaɓa yakan taru ya sami wata siririyar hanya ya koma da gudu, ya ɗauke duk wanda ke tsaye a wurin, ko da ruwan iya ƙugunsa ne. Abin ban tsoro shi ne wurin yakan fi ko'ina kama da kwantacce, domin igiya ba ta fashewa a kansa. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawar dawowa kai tsaye, zai gaji ya nutse. Ya saki jiki ya yi iyo a gicciye, ta gefen da gaɓa ta miƙe, har ya fita daga jan, yana ɗaga hannu a gan shi. Wanda bai iya ruwa ba kuma kada ya bi shi, ya jefa masa jarka ko igiya ya yi kururuwa.

Saboda haka ku zaɓi lungun da ke kusa da ƙauye, inda ake jiyo muryar mutane. Ku gai da masunta ku tambaye su inda 'ya'yansu ke wanka. Ruwa kada ya wuce gwiwar yaro, kuma babba ɗaya ya tsaya yana kallon su, ba waya a hannunsa, a riƙa karɓa-karɓa. Teku tana cikowa sau biyu tana janyewa sau biyu a kwana guda, kusan awa shida tsakani, kuma cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da tsakiyarsa. Lungun da kuka shiga ta kan rairayi da safe yana iya rufewa da azahar, sai ku tambayi lokacin cikowa. Ke kanki ki kula da zani da dogon hijabi, domin idan suka jiƙe nauyi suke yi su naɗe ƙafa. Dogon wando da riga mai kauri zuwa gwiwa da ƙaramin hijabi sun fi, sannan ki ajiye busasshen mayafi a gaɓa. Kada yara su yi wanka a tafki ko kwantaccen ruwan kogi saboda cutar tsargiya. Ku bar wurin kafin magariba, kuma a bar gwala-gwalai a gida.

Sallah da abinci

Tafiyar ta wuce nisan ƙasaru nesa, sai dai a mazhabarmu ta Malikiyya idan kun yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri guda za ku cika sallah. Agogon Benin ɗaya ne da namu, amma Togo da Ghana suna bayanmu da awa ɗaya, sai a gyara agogo a iyakar Togo. Galibi idan kika fuskanci teku, gabas tana hagunki, amma ki tabbatar a masallacin gari. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi. Ki dai duba inda za ki shimfiɗa darduma, domin gaɓar da ke jikin gari wasu kan mai da ita makewayi. Idan gidan akwai abokiyar zama, maigida ya tuna cewa Manzon Allah (SAW) ƙuri'a yake yi tsakanin matansa idan zai yi tafiya. A yi ƙuri'a, ko a yi bana da baɗi, ko a tafi gaba ɗaya, kada tafiyar kwana goma ta haifar da gabar shekara.

Guzuri shi ne rabin tanadi. Ki tafi da dambun nama da kilishi da garin kunu da ƙuli-ƙuli da yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa, da 'yar tukunya da filas. Kifi kuwa a hannun masunta za ki saya da safe lokacin da aka jawo koma, ki gasa da yajinki. Duk abin da ya fito daga teku halal ne, amma nama sai a Zango, domin ana sayar da naman alade a garuruwan gaɓa, kuma ki tambayi abin da aka sa a miya kafin ki saya. Ruwan sha na leda ko na gora kawai. Ki haɗa gidan sauro da maganin zazzaɓi da garin gishiri da sukari na gudawa. Kowane yaro ki sa masa takarda a aljihu mai sunan masauki da lambar wayar babansa.

Idan kun isa, ki ba yara lokaci su yi shiru su kalla. Ki sa su ɗanɗani ruwan su ji gishiri, ki nuna musu inda kogi mai daɗi ya haɗu da teku, ki ba su labarin fataken goro da suka taka wannan nisa da ƙafa da jakuna, da na bayin da aka fitar ta wannan ruwa ba su dawo ba. Su tsinto bawon katantanwa su kawo wa kakarsu tsaraba. Yau dai ki fara da littafi da biro, ki jira maigida ya ci abinci ya huta, sannan ki kawo masa lissafin a rubuce.

Allah Ya hore mana na halal, Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya, Ya tsare mana zuri'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda.